Garmaho Mai Bel: A Gyara Shi Ko A Ba 'Yan Gwangwan?

Na san masu karatu da yawa za su yi mamaki, su ce a wannan zamani na wayar hannu wane ne kuma zai ɓata takarda da tawada a kan garmaho. Ba laifinsu ba ne, domin yawancinmu mun tashi mun tarar an riga an tura shi ƙarƙashin gado, ko kuwa an jera kwanukan samira a kansa a ɗakin tsohuwa. To, amma a saurari abin da ya faru a Amurka. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta ƙasar, wadda ake kira RIAA, ta ba da lissafi cewa a cikin 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41, alhali kuwa faifan CD miliyan 33 kaɗai aka sayar. Rabon da a ga haka a can tun 1987. Watau abin da aka ɗauka an binne shi har an dawo gida, sai ga shi ya tashi yana kakkaɓe ƙasa.

Shi ya sa tambayar da nake so mu duba yau ba ta wasa ba ce. Mutum ya gaji garmahon lantarki daga mahaifinsa, irin waɗanda ma'aikata suka yi ta saye da kuɗin Udoji a cikin 1975, ga shi ya shekara talatin ba a kunna ba, ga kuma 'yan gwangwan kullum suna wucewa ta ƙofar gida da baro suna cigiyar tsohon ƙarfe. Ya kashe kuɗi ya gyara, ko ya miƙa musu ya karɓi na cefane? Ni dai ra'ayina shi ne, in garmahon mai bel ne, kuma ƙirar kirki ce, kuma akwai faya-fayai a gidan, to a gyara shi ba tare da wata-wata ba. In kuwa ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, magana ta sake.

Bari in fayyace abin da nake nufi da mai bel, don kada a haɗa shi da garmahon kakanninmu wanda ake yi wa wani da hannu kamar agogo, mai allurar ƙarfe da ake canjawa bayan kowane faifai. Garmahon lantarki, ta wajen yadda inji yake juya farantin da ake ɗora faifai a kai, iri uku ne. Akwai wanda aka sa wa 'yar taya ta roba tsakanin inji da faranti, inji ya murza taya, taya ta murza faranti. Irinsa ne ya cika manyan akwatunan rediyogiram na da, galibi ƙirar BSR ko Garrard na Ingila. Akwai wanda farantin yake zaune a kan injin kai tsaye, ba taya ba bel, wanda kamfanin Matsushita na Japan ya fito da shi da sunan Technics a wajen 1970. Sa'an nan ga namu na yau, wanda aka ajiye ɗan ƙaramin inji a gefe guda, aka zagaya siririyar roba daga kan injin zuwa gindin faranti, kamar dai yadda bel yake haɗa ƙafar keken ɗinki da kansa.

Hikimar da ke cikin wannan ita ce, allurar garmaho ba ta san bambancin waƙa da karkarwa ba. Aikinta ta bi tsagin da ke jikin faifai, duk motsin da ta ji ta mai da shi sauti. Inji kuwa, kowane iri ne, yana karkarwa. In karkarwar nan ta isa faranti sai ka ji wani gurnani a ƙarƙashin waƙar, kamar babbar mota ta tsaya a bayan gida ba a kashe ta ba. Roba ita take shanye karkarwar kafin ta ƙarasa, nauyin faranti kuma ya daidaita juyin, domin abu mai nauyi in ya ɗauki gudu ba ya saurin sake taki. Wani Ba'amurke, Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research, shi ya ƙara wa dabarar armashi a cikin 1961. Ya ɗaure faranti da hannun allura a kan ƙarfe guda, ya ɗora ƙarfen a kan sifirin uku, ya bar injin shi kaɗai a jikin akwati, ta yadda ko an ƙwanƙwasa akwatin allura ba ta tsalle. Dala 58 ya sa masa kuɗi. Kamfanin Thorens, wanda asalinsa na Suwizalan ne, ya bi sawu da TD 150 a cikin 1965 da TD 160 a cikin 1972. A Gilasgo ta Sikotilan, Ivor Tiefenbrun ya kafa kamfanin Linn a kan garmaho ɗaya tak mai suna Sondek LP12. Masu ƙaramin ƙarfi kuma Pioneer ta Japan ta yi musu PL-12D, daga baya Rega ta Ingila ta kawo Planar 3 a cikin 1977.

Duk mai cewa wannan tsohon yayi ne, ya lura da abu guda. Linn ba ta daina ƙera LP12 ba. A cikin 2023 ma, don murnar cikar kamfanin shekara 50, ta fitar da guda 250 na musamman, kowane ɗaya a kan fam dubu 50. Ni kam ban ga hankali ba a ce mutum ya zuba kuɗin gida sukutum a kan abin juya faifai, amma dai wannan ya nuna cewa bayan rabin ƙarni ba a sami dalilin jefar da dabarar ba. Sababbin da Rega da Pro-Ject ta Ostiriya suke sayarwa su ma galibinsu masu bel ne. Abin da yake tsufa a jikin tsohon garmaho roba ce, da mai, da allura, kuma duka ukun ana canja su.

A nan ne babbar hujjata take. Ka kwance ƙasan Thorens TD 160 ko Pioneer PL-12D ka leƙa. Za ka ga inji ɗaya, da makunni, da 'yan wayoyi, da kafasito ɗaya ko biyu irin na fanka, da ramin da sandar faranti take juyawa a ciki. Shi ke nan. Babu allon lantarki mai ƙananan ƙwayoyi wanda in ɗaya ta mutu sai an yi cigiya har ƙasar Sin. Duk mai gyaran rediyo mai natsuwa, kai ko mai gyaran keken ɗinki ma, zai gane kansa cikin yini guda. A gaya mini kayan lantarki nawa ne a gidajenmu yanzu za a iya faɗin haka a kansu? Talabijin ta zamani in allonta ya mutu, amsar mai gyara ɗaya ce: Alhaji, sai dai sabuwa.

Na san abin da masu sa kiɗa a wajen biki za su ce, wai wanda ba shi da bel ya fi. Suna da gaskiyarsu. Technics SL-1200 da aka fito da shi a cikin 1972, aka inganta shi a cikin 1979, doki ne. Kana taɓa makunni ya kai cikakken gudu, ba robar da za ta saki, kuma ba ruwansa da hawa da saukar bugun wuta. Da kamfanin ya daina yin sa a cikin 2010, jama'a suka yi ta kuka har aka dawo da shi a cikin 2016. Wanda ya gaji irin wannan ya riƙe shi hannu bibbiyu. Sai dai gudunsa a hannun allon lantarki yake, ranar da allon ya ƙi, gyara ya fi ƙarfin mai gyaran unguwa, kuma kuɗin na gwanjonsa ma ba ya sauka domin ko'ina a duniya nemansa ake yi. Mutumin da zai zauna a ɗakinsa bayan la'asar ya saurari faifai biyu ba ya bukatar injin da zai tashi kamar an harba kibiya. In farantin ya ɗauki daƙiƙa uku ko huɗu kafin ya daidaita, me aka rasa?

Wasu kuma za su ce ai duk waƙar duniya tana cikin waya. Ba zan yaudari kowa in ce faifan garmaho ya fi CD tsabtar sauti ba. In an auna da na'ura CD ya fi, ba ya ƙaras-ƙaras, kuma yawan sawa ba ya cinye shi. Saboda haka saurayin da ba shi da faifai ko ɗaya, yana so ya sayi garmaho don ya ga ana yayi a Turai, shawarata ya riƙe kuɗinsa, domin sabon faifai ɗaya da aka shigo da shi daga waje ya isa cefanen kwanaki. Ba da shi nake ba.

To, wanda ya yanke shawarar gyara, ko zai sayi na gwanjo a Alaba ko a Sabon Garin Kano, akwai tarkon da ya kamata ya sani, kuma ba kowane dillali ne zai gaya masa ba. Yawancin tsofaffin nan, irin su AR da TD 160 da PL-12D da Planar 3, injinsu ba ya ƙirga gudu da kansa, bugun wutar lantarki yake bi. Wutar Nijeriya, kamar ta Ingila da Jamus, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Ga kuma bambancin ƙarfi, tamu 230, tasu 120. Mutum zai sayi garmahon da aka yi don Amurka, a haɗa masa da 'yar taransifoma mai rage wuta, a ce masa an gama. An kuwa tsare injin daga ƙonewa, amma taransifoma ƙarfin wuta take ragewa, ba ta taɓa bugunta. Sai farantin da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti ya koma bai kai 28 ba, muryar mace ta zama ta namiji, kalangu ya koma kamar ana buga shi a cikin rijiya. Maganinsa a canja ɗan ƙarfen da ke kan sandar inji, wanda bel yake hawa, a sa na ƙasashe masu 50. Na Japan sai an ƙara lura, domin ƙarfin wutarsu 100 ne, kuma rabin ƙasar 50 ne rabi 60. Kafin a biya kuɗi a juya bayan akwatin a karanta ɗan allon da ke manne a wurin. Wanda ya fito daga Ingila ko Jamus ba shi da wannan fitina.

Haka kuma ƙaramin janareta abokin gabar irin wannan inji ne. In an kunna dutsen guga ya sauke numfashi, waƙa ta sauke tare da shi. Mai infata ta kirki ko sola ya huta, domin bugunta tsayayye ne, garmaho kuwa ko wutar ƙwan fitila ɗaya irin na da ba ya ci. Wasu na Japan na ƙarshen shekarun 1970, alal misali Technics SL-23, masu bel ne amma injinsu yana daidaita gudunsa da kansa, har da ɗan abin murzawa na ƙari da ragi. A ganina waɗannan sun fi dacewa da halin wutarmu. Gane ko gudu daidai yake kuwa ba ya bukatar na'ura. A manna 'yar takarda a gefen faranti a ƙirga da agogo: juyi 100 cif a cikin minti 3.

Bel kansa shi ne wurin da zafin ƙasarmu yake cin mu. Roba in ta daɗe a ɗaki mai rufin kwano, ko ta saki ta riƙa zamewa, ko ta narke ta manne kamar kwalta. In ta narke a goge wurin da auduga da sifirit har ya yi tas. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi dabarar nan tamu ta yanka tsohuwar robar tayar keke, ko sa robar ɗaure kuɗi. Zai juya, ba shakka, amma kaurinta ba ɗaya ba ne, duk inda mai kauri ya hau kan inji gudu ya ƙaru, inda siriri ya hau ya ragu, sai waƙa ta riƙa lilo. Ana yin sabon bel na dukan sanannun ƙirar nan, kuma shi ne mafi araha a cikin kayan gyaran. In ƙirar ba sananniya ba ce, a zagaya zare a hanyar da bel yake bi, a auna, a nemi wanda ya gaza hakan da ɗan kaɗan don ya kama.

Kafin a sa sabon, a juya faranti da hannu a kasa kunne. In ya daɗe yana juyawa shiru, sandarsa lafiya lau. A zare ta, a goge tsohon mai, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Ban da giris, ban da baƙin mai. Mu a Arewa ƙurar hunturu ce damuwarmu, ga bushewar iska tana sa faifai ya riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu, saboda haka murfi da ƙyallen rufewa wajibi ne. 'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan kuwa laima ce tasu, mai sa faifai fumfuna, ta sa wayoyin allura tsatsa.

Sai allura, wadda a kanta aka fi yin ɓarna. Bakinta ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u ne, kuma yana cinyewa bayan an yi sa'o'i ɗari biyar zuwa dubu ana sawa. In ya cinye sai ya yi kaifi ya riƙa feƙe tsagin faifai, abin da ya feƙe kuwa ya tafi har abada. Don haka allurar da aka tarar a jikin garmahon gado, ba a san iyakar aikin da ta yi ba, kada a ɗora ta a kan faifan da ake so. A canja ta tukuna. Kamfanin Shure na Amurka, wanda allurarsa take kan tsofaffi da yawa, ya daina yi a cikin 2018, amma Audio-Technica ta Japan da Ortofon ta Denmak suna nan suna yi, kuma tasu tana hawa hannun yawancin ƙirar da na ambata. Nauyin da ya kamata allura ta danna faifai da shi giram ɗaya da rabi ne zuwa biyu, da ƙarfen da ke bayan hannu ake daidaita shi. Al'adar nan ta ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle, ita ta kashe faya-fayan iyayenmu fiye da ɓera da gara.

Wani abu kuma da yake sa a yanke wa garmaho mai lafiya hukuncin mutuwa: a jona shi da lasifikar zamani, a ji murya can ƙasa-ƙasa, siririya ba gindi, a ce ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Wutar da allura take fitarwa kaɗan ce ƙwarai, kuma da gangan ake rage kaurin sauti lokacin yanka faifai don tsagin ya ƙanƙance. Tsofaffin amfilifaya suna da ƙofa ta musamman ta garmaho mai mai da abin yadda yake. In babu, akwai ɗan akwati da ake sawa a tsakani. Siririyar wayar nan ta uku kuma a ɗaure ta a jikin amfilifaya, in ba haka ba ƙugi ba zai bari a ji komai ba.

Ba kowane tsoho ne ya cancanci wannan hidima ba. Akwai na roba zalla da aka yi ta haɗawa da rediyo da kaset a akwati ɗaya a shekarun 1980, faranti ba nauyi, hannu ba abin daidaitawa. Akwai wanda sandarsa ta lanƙwashe, ko hannunsa yake girgiɗi a gindi. Waɗannan 'yan gwangwan su ɗauka, Allah ya sa albarka. Amma kada a sayar da na kirki a sayo sababbin nan masu kama da jakar hannu. Su ma masu bel ne, sai dai allurarsu tana danna faifai da ninki biyu ko uku na nauyin da na faɗa, ba kuma yadda za a rage. Araha ba ta ado.

Abin da ya sa na dage a kan wannan magana, faya-fayan ne. A shekarun 1970 Ikko cibiyar faifai ce a Afirka ta Yamma. Ga EMI, wadda a ɗakin naɗinta na Apapa Paul McCartney ya zo ya yi aiki a cikin 1973, ga Decca, ga Polygram, ga Tabansi a Onica. Faya-fayan Alhaji Mamman Shata da EMI ta buga, da na Ɗan Maraya Jos, sun shiga gidaje daga Katsina har Fatakwal. Da kaset ya zo, masu kwafi ba izini suka cika kasuwa, sai cinikin faifai ya durƙushe, kamfanonin Turawa suka janye, EMI ta koma Ivory Music, Polygram ta koma Premier. Shata ya rasu a cikin 1999, Ɗan Maraya a cikin 2015. Ba kowane faifai aka sake bugawa a kaset ko CD ba, kuma abin da ake tura wa juna a waya galibi kwafin kwafi ne daga kaset da ya sha rana. Mai yiwuwa ne faifan da ke cikin adakar gidanku ya fi duk abin da ke yawo a intanet tsabta, in an sami garmaho mai lafiya da sabuwar allura aka sa shi sau ɗaya aka naɗe a kwamfuta.

Mutanen waje sun riga mu gane haka. Kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙin Nijeriya na shekarun 1970 a cikin 2001, Soundway ya biyo baya a cikin 2008. William Onyeabor na Inugu, wanda ya buga faya-fayansa da kansa, kusan an manta da shi sai da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙinsa a cikin 2013, shekara huɗu kafin rasuwarsa, daga nan tsofaffin faya-fayansa suka yi tsadar da ba wanda ya zata. Sau da yawa a irin wannan aiki daga jikin tsohon faifai ake kwafo waƙar, domin asalin naɗin ya ɓace. Saboda haka in wani ya sallama a ƙofar gida ya ce zai sayi faya-fayan marigayi a kwali guda, kada a yi ciniki da kwali. A fito da su ɗaya-ɗaya, a karanta sunan mawaƙi da na kamfani, a rubuta, a tambayi wanda ya sani.

Waɗanda za a ajiye kuwa a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da rana da zafin kwano, domin in aka kwantar da su aka danne za su lanƙwashe. Mai datti a wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ban da takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. In an ci karo da masu nauyin nan na da can, masu juyi 78, waɗanda suke fashewa kamar tangaran, a ware su gefe. Sifirit yana narkar da su, allurar da ta dace da su ta fi ta sauran kauri, kuma yawancin masu bel ɗin da na ambata 33 da 45 kaɗai suke juyawa.